Wane Littafi Za Mu Ɗauka? Tambayar Da Ke Raya Zauren Karatu Ko Ta Kashe Shi

A duk zauren da mutane suke haɗuwa su karanta littafi ɗaya su tattauna a kansa, akwai wani lokaci da hira take tsayawa cak. An gama da littafin wannan wata, an sha shayi, wasu sun fara laluben takalmansu, sai mai jagorantar zaman ya ce: to jama'a, wanne za mu ɗauka a gaba? Nan take za ka ga masu surutu sun yi shiru, masu shiru kuma sun fara kallon waya. Can sai wani ya ambaci littafin da ya karanta a sakandare, wata ta ambaci wanda ake yayi a WhatsApp, wani malami ya kawo sunan littafin Turanci mai shafi ɗari huɗu. A ƙarshe a watse a kan cewa za a yi shawara daga baya.

Irin waɗannan zauruka sun yawaita a Kano da Kaduna da Zariya da Katsina da Sakkwato, wasu a jami'o'i da kwalejojin ilimi, wasu a tsakanin matan unguwa ɗaya, wasu kuma ba su taɓa haɗuwa ido da ido ba, waya ce zaurensu. Da yawa ba sa kai shekara. Idan aka tambayi dalili, amsar da aka saba ji ita ce mutanenmu ba sa son karatu. Ban yarda da wannan amsa ba. Mutanen da suka bar harkokinsu suka zo zaman farko da na biyu da na uku ai masu son karatu ne. Abin da yake korar su shi ne a zaɓar musu littafin da ba su samu ba, ko wanda ba su iya gamawa ba, ko wanda suka gama amma babu abin cewa a kansa. Sau biyu a jere aka yi haka, zaure ya mutu.

A fara da tambayar da ake rainawa

Kafin a tambayi ko littafi yana da daɗi, a tambayi ko ana samunsa. Wannan magana tana kama da ƙarama, amma ita ce ta fi kayar da zaurukan karatu na Hausa. Shekarun baya, mai neman littafin Hausa a Kano ya san inda zai nufa: shagunan da ke kasuwar Sabon Gari da kewayen Bata, da masu shimfiɗa littattafai a bakin titi, da masu ba da haya a cikin unguwanni, inda yarinya za ta karɓo wa yayarta littafi ta mayar bayan kwana biyu. Yau da yawa daga cikin waɗannan shaguna sun koma sayar da wasu kaya. Takarda ta yi tsada, masu karatu sun koma waya, marubuta sun bi su can. Littafin da ya yi tashe a 1995, wanda kowa ya san sunansa, sai ka yi yawon kasuwa wuni guda ba ka ga kwafi ɗaya ba.

Akwai kuma wata matsala da ta keɓanta da littattafanmu. Yawancin labaran da aka buga a Kano tun daga ƙarshen shekarun 1980 an raba su kashi-kashi, na ɗaya da na biyu da na uku, wani lokaci har na huɗu, domin marubuci ya sayar da na farko ya samu kuɗin buga na biyu. Sakamakon haka shi ne a gidan wance akwai na ɗaya da na uku, a gidan wane akwai na biyu wanda bangonsa da shafukan ƙarshe suka yage. Zauren da ya zaɓi irin wannan littafi ba tare da ya tabbatar an haɗa dukkan kasonsa ba, ranar zama rabin mutane za su zo da uzuri iri ɗaya: ni fa a na biyu na tsaya. Waɗanda suka gama kuma ba su da damar magana a kan ƙarshen labari, don kada su ɓata wa saura.

Tsofaffin littattafan da kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya yake bugawa sun fi sauƙin samu, saboda makarantu suna sa su a manhaja, masu shaguna kuma suna ajiye abin da ɗalibai za su nema. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa sabon zaure ya fara da su. Sababbin labarai kuwa, waɗanda ake rubutawa shafi-shafi ana sakewa a WhatsApp da Wattpad da ArewaBooks, samunsu ba wuya, amma nan ma akwai abin lura. Marubuciyar da ta sa kuɗi a kan labarinta, ta ce a biya kafin a shiga rukunin masu karantawa, da shi take sayen data da sabulu. Idan mutum ɗaya ya biya ya tura wa mutum ashirin, an ci haƙƙinta, kuma zauren da ya taru da sunan ƙaunar adabi shi ne ya fi kowa cancantar ya ji nauyin wannan. Kowa ya biya nasa, ko a yi magana da marubuciyar a nemi rangwame na jimla. Akasarinsu suna murna da jin cewa wasu za su zauna musamman domin tattauna aikinsu.

Batun tsawo kuma ba ya buƙatar dogon bayani. Mai shago, da malamar firamare mai goyo, da ɗalibin da jarrabawa ta sako gaba, ba za su gama Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare a mako biyu ba, ko da yake labarin Mailoma da ƙungiyarsa yana riƙe mai karatu. Littafi irin wannan a raba shi zama biyu, ko a ajiye shi sai lokacin hutu. A watan azumi da makonnin jarrabawa, gajeren abu ake nema.

Littafin da zai raba zaure biyu

Idan an tabbatar littafi yana samuwa kuma ana iya gama shi, sai a zo ga ainihin magana. Zaɓar wa kai littafi daban, zaɓar wa jama'a daban. Kai kaɗai a ɗaki, abin da kake so shi ne labarin da zai ɗauke ka. Zaure kuwa yana buƙatar labarin da idan an rufe shi, mutum biyu masu hankali za su saɓa a kansa, kowa da hujjarsa. Littafin da kowa ya ce ya yi daɗi, an gama da shi cikin minti goma.

Babu misalin da ya fi Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Rabi tana auren Alhaji Abdu, ɗan kasuwa mai hali, amma abin da yake bayarwa na cefane ba ya isar ta da 'ya'yanta tara. Ya auro Delu, macen bariki, rikici ya tashi, ya kori Rabi da 'ya'yan. Rabi ta kama sana'ar sayar da abinci, ta riƙe gidanta, 'yarta Saudatu ta yi aure gidan wadata. Daga nan duniya ta juya wa Alhaji Abdu baya: gobara ta cinye dukiyarsa, Delu ta watsar da shi. Sai dangi da manya suka taru a kan Rabi, ta haƙura ta karɓe shi. A nan ne zaure yake darewa gida biyu. Wasu za su ce ai wannan shi ne mutunci, uban 'ya'yanta ne, kuma Allah ya riga ya saka mata tun a duniya. Wasu za su ce ina adalci a nan, macen da ta tsayu da ƙafarta a mayar da ita ta yi jinyar wanda ya wulaƙanta ta? Wasu kuma za su tafi mataki na gaba su tambaya: marubuciyar tana goyon bayan wannan ƙarshe ne, ko tana nuna mana shi ne domin ranmu ya ɓaci? Wannan tambaya ta uku ita ce alamar cewa zaɓi ya yi kyau, domin ta mayar da mutane cikin littafin suna neman hujja a shafukansa.

Ba a raba wannan littafi da rayuwar mai shi. Hajiya Balaraba, ƙanwar marigayi Janar Murtala Ramat Muhammad, an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana yarinya ƙarama, daga baya ta nemi ilimi da kanta. Wanda ya san haka zai karanta Wa Zai Auri Jahila? da wani ido, labarin Abu da aka hana karatu aka aurar ga tsoho, ta gudu, ta yi ilimi. A 2012 wani kamfanin ɗab'i na ƙasar Indiya, Blaft, ya buga fassarar Alhaki Kuykuyo Ne zuwa Turanci wadda Aliyu Kamal ya yi. Abin yana taɓa ni, a ce masu karatu a Indiya da Amurka suna tattauna Rabi da Delu, alhali akwai matasa masu digiri a Kano da ba su taɓa buɗe littafin da Hausarsa ba.

Cikin tsofaffin littattafai ma akwai masu wannan hali. A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta nemi malamai su rubuta ƙagaggun labarai da boko, daga nan aka samu littattafai biyar da kowane ɗalibin Hausa ya haddace sunayensu: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na wansa Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Idan aka ce a ɗauki ɗaya, hannu yakan tafi ga Ruwan Bagaja, kuma ba laifi, domin har yau ramuwar gayya tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman tana sa mutum dariya shi kaɗai, ga Hausa mai zaƙi daga saurayin da bai wuce shekara 22 ba lokacin da ya rubuta shi. Sai dai zaman Ruwan Bagaja yakan ƙare a tuna wuraren ban dariya. Kowa ya faɗi inda ya fi ba shi dariya, a yi dariyar tare, shi ke nan.

Jiki Magayi ya fi shi ba zaure aiki. Abubakar yana son Zainab, attajiri Malam Shehu ya zo da dukiya ya aure ta, Abubakar ya shiga duniya neman abin da zai rama da shi, ramuwar kuma ta faɗa a kan Kyauta, ɗan Zainab da Malam Shehu, yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba. Wa ya fi laifi? Mai kuɗin da ya raba masoya, ko iyayen da suka karɓa, ko Zainab, ko wanda ya kasa haƙuri ya lalata rayuwar yaro? Littafi ne ɗan siriri da ake gamawa a dare ɗaya, amma gardamarsa tana kai wa magariba. Shaihu Umar kuma yana buɗe ƙofar da ba mu cika son buɗewa ba, wato bauta da cinikin bayi a ƙasar Hausa da hanyar hamada. Tafiyar mahaifiyar Umar tana neman ɗanta, har ita ma ta faɗa hannun masu sayar da mutane, tana daga cikin abubuwa mafi ban tausayi da aka rubuta da Hausa. Mai karatun yau zai tambaya me ya sa labarin yake ba da wannan duka cikin natsuwa da sallamawa ga ƙaddara, wani kuma zai ce natsuwar ce ƙarfinsa. Ga shi wanda ya rubuta shi ne ya zama Firayim Ministan Najeriya na farko, abin da yake ƙara wa hirar wani reshe.

Kunyar littattafan soyayya

Akwai wani hali da nake gani a zaurukan 'yan boko, wanda ya kamata a faɗe shi a fili. Da an ambaci littafin soyayya sai a yatsina fuska, a ce mu fa adabi muka zo karantawa. Wannan ƙyama tana da tarihi. A shekarun 1990 an yi doguwar muhawara a jaridu, inda Ibrahim Malumfashi ya kira waɗannan littattafai adabin kasuwar Kano yana ganin ba za su daɗe ba, Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da wasu kuma suka tsaya a kan cewa madubin zamaninsu ne kuma sun cancanci nazari. A 2007 har ƙona wasu aka yi a bainar jama'a a wata makarantar 'yan mata a Kano. Amma duk wanda ya san gidajen Hausawa ya san cewa waɗannan littattafai ne suka koya wa dubban mata karatun boko da kyau, su ne kuma ake karantawa a gidajen rediyo mutane suna kasa kunne.

Zauren da ya rufe ƙofa ga soyayya ya rufe ƙofa ga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wanda ya fito a 1980 bayan gasar NNPC, labarin Boɗaɗo 'yar Fulani da ta tsaya a kan son wanda ba ɗan ƙabilarta ba. Ya rufe ƙofa ga In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, inda Sumayya 'yar masu kuɗi ta zaɓi Muhammad talaka, dangi suka ce sai mai dukiya. Ya rufe ga Allura Cikin Ruwa na Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa. Soyayyar da ke cikin waɗannan ƙofa ce kawai. Abin da ke ciki shi ne auren dole, da ikon iyaye da kakanni, da kishi, da saki, da karatun 'ya mace, da yadda kuɗi yake sauya magana a cikin dangi. Waɗannan su ne abubuwan da 'yan zauren suke fama da su a gidajensu, shi ya sa idan aka ɗauki irin wannan littafi har wadda ba ta taɓa buɗe baki ba sai ka ji muryarta.

Ba ina cewa duk abin da aka rubuta ya dace da zaure ba ne. Cikin labaran da ke yawo a waya akwai masu batsa tsirara, akwai waɗanda aka ja su shafi ɗari biyu ba don labarin yana buƙata ba. A zauren da ya haɗa maza da mata, ko uwa da 'yar cikinta, ko malami da ɗalibinsa, kunya gaskiya ce, kuma ba a gina hira a kan abin da rabin mutane ba za su iya ɗaga kai su yi magana a kansa ba. Maganin wannan ɗaya ne: kada a ɗauki littafin da babu wanda ya karanta shi har ƙarshe a cikin zauren. An ce yana da daɗi ba hujja ba ce.

Wa zai zaɓa?

Yawancin zauruka ƙuri'a suke kaɗawa, suna ganin ita ce adalci. Ni ina ganin ƙuri'a tana da illa biyu. Ta farko, kullum littafin da aka fi sani shi yake ci, don mutum yana ɗaga hannu ne ga sunan da ya taɓa ji. Da haka zaure zai shekara yana zagaye a kan littattafai biyar, ba zai taɓa isa ga Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina ba, wanda tun farkon shekarun 1980 ya tone yadda fasa-ƙwauri da cin hanci suke tafiya hannu da hannu, ko Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo a kan saurayin da ya baro ƙauye birni ya haɗiye shi, ko Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda ya kai yaro Bahaushe sararin samaniya tun 1969. Illa ta biyu, waɗanda ra'ayinsu yake faɗuwa kowane wata sukan gaji su daina zuwa, kuma sau da yawa su ne masu ɗanɗano na daban da zauren ya fi buƙata.

Abin da ya fi shi ne a yi shi kamar adashi, kowa da watan ɗaukarsa. Wanda layi ya zo kansa ya kawo littafi biyu ko uku da ya karanta da kansa, ya faɗi inda ake samunsu da kuɗinsu, ya faɗi tambaya ɗaya da yake ganin za a yi gardama a kanta, sannan zaure ya ɗauki ɗaya daga ciki. Ta haka mai son tarihi zai samu watansa, mai son soyayya ta samu nata, kuma kowa zai karanta abin da da kansa ba zai taɓa ɗauka ba. Wanda ya kawo littafi shi zai buɗe zaman, amma kada ya mayar da shi lacca. Idan akwai malamin jami'a a zauren, ya yi haƙuri ya yi magana a ƙarshe, domin da ya fara ambaton jigo da salo da warwarar jigo, sauran sukan ji kamar an dawo aji, su kama bakinsu.

Littattafan Turanci da 'yan Arewa suka rubuta suna da gurbinsu, in dai kowa a zauren yana iya karanta su ba tare da wahala ba. Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim, wanda ya ci kyautar adabi ta NLNG a 2016, labarin Hajiya Binta ce, bazawara mai shekara 55, da alaƙarta da wani matashi shugaban 'yan daba, kuma zauren da zai ɗauke shi ya san da wa da wa ke zaune kafin ya yanke shawara. Born on a Tuesday na Elnathan John yana bin almajiri Ɗantala har cikin rikicin ƙungiyoyin addini a Sakkwato. Ana iya karanta irin wannan littafi da Turanci a yi hirar da Hausa, hirar ma ta fi armashi. Ga kuma Gandun Dabbobi, fassarar da Bala Abdullahi Funtuwa ya yi wa littafin George Orwell, wanda ya dace da shekarar zaɓe. A watan da kowa ya gaji, a ɗauki labarai biyu ko uku daga gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 domin mata marubuta, a karanta su da murya a wurin zaman, ba wanda zai ce bai samu lokaci ba.

Ga zauren da ke neman littafin wata mai zuwa kuma ya rasa na ɗauka, shawarata ita ce Jiki Magayi idan sabon zaure ne, Alhaki Kuykuyo Ne idan an riga an saba da juna. Ku tura mutum ɗaya kasuwa tun wannan mako ya tabbatar akwai kwafin da zai ishe ku. Idan bai samu ba, ku haɗa kuɗi ku nemi marubucin ko kamfanin da ya buga, ku gaya musu mutum nawa ne ke jira, domin masu ɗab'i ba sa sake buga littafi sai sun ji ana nemansa.